Yadda Ƙungiyar Kafintoci Za Ta Shirya Baje Kolin Kayan Ɗaki na Aikin Hannu

Masu karatu da dama, musamman shugabannin ƙungiyoyin kafintoci na unguwanni da kasuwanni, sun sha aiko da tambaya kan yadda ƙungiya za ta haɗa kai ta baje kolin gadaje da kujeru da sif da teburan da mambobinta suka ƙera, ba tare da an tashi da bashi ko rigima ba. An jera matakan da ke ƙasa bisa yadda aikin yake zuwa, tun daga zaman farko har zuwa kai wa mai saye kayansa. Abin da ya kamata a riƙe tun yanzu shi ne, a wurin baje koli mai saye ba ya tambayar sunan kafintan da ya yi gadon, sunan ƙungiyar da ke rubuce a bakin ƙofa yake riƙewa, kuma idan gadon ya tsage bayan wata biyu, ƙungiyar gaba ɗaya zai zaga.

Mataki na 1: Kwamiti da yarjejeniya

A fara shiri aƙalla wata biyar kafin ranar buɗewa. A naɗa kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai, kowa da aikinsa a bayyane: shugaba, da sakatare, da ma'aji, da mai kula da tantance kaya, da mai kula da fili da tsaro, da mai yaɗa labari. Kwamitin ya rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya ko biyu wadda duk mai son rumfa zai sa wa hannu. A cikinta a faɗi kuɗin rumfa da ranar ƙarshe ta biya, da kason da ƙungiya za ta ɗauka a kan kowane ciniki, da wanda zai ɗauki asara idan kaya ya lalace a hanya ko a fili, da hukuncin mamban da ya karɓi kuɗin mutum ya saɓa alkawari.

Gargaɗi: kada a tara kuɗin baje koli a asusun mutum ɗaya, ko da kuwa amintacce ne. A buɗe asusu da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu sun sa hannu kafin kuɗi ya fita. Banki zai nemi takardar rajista, don haka ƙungiyar da ba ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC ba, ta fara da wannan, domin yana ɗaukar lokaci.

Mataki na 2: Zaɓen lokaci da wuri

Hanya biyu ce. Ko dai ƙungiya ta kama babbar rumfa a cikin kasuwar baje koli da aka saba yi, kamar wadda Cibiyar Ciniki da Masana'antu ta KACCIMA take shiryawa a filinta na titin Gidan Zoo a Kano wajen ƙarshen shekara, ko wadda takwararta ta Kaduna, KADCCIMA, take yi a filinta na hanyar Kaduna zuwa Zariya, ko kuma ta shirya nata ita kaɗai. A hanyar farko jama'a da tsaro suna nan a shirye, amma kuɗin fili yana da nauyi, kuma kujerar aikin hannu tana iya ɓacewa a tsakanin masu sayar da atamfa da maganin gargajiya da kayan roba. A hanya ta biyu ƙungiya ce take da iko da komai, sai dai ita za ta nemo kowane baƙo da kanta. Ƙungiyar da ba ta taɓa yi ba, gara ta fara da ta farko, ta ga yadda jama'a suke karɓar kayanta.

Game da lokaci, kasuwar kayan ɗaki a arewa tana bin bikin aure ne. Bayan kaka, lokacin da manomi ya sayar da amfaninsa, da kuma watannin Rajab da Sha'aban da ake rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, su ne lokutan da iyayen amarya suke yawon neman gado da sif da madubi. Tunda yawancin masu saye oda za su bayar, baje kolin ya zo wata biyu kafin wannan cunkoson, domin kafinta ya samu sararin aiki. Kwana huɗu ko biyar sun isa, a haɗa da Juma'a da Asabar da Lahadi, kuma idan an dace da ƙarshen wata, lokacin da ma'aikata suka karɓi albashi, ya fi.

Wurin ya kasance da rufi, da daɓen siminti, da ƙofa mai faɗin da mota za ta matso kusa, da banɗaki, da wurin alwala da sallah.

Gargaɗi: a guji tsakiyar damina sai in ɗakin taro ne mai rufi mai kyau. Ko a rani ma, kada a jera kaya a fili cikin rana kai tsaye, domin zafin yana sa banish ya dushe, saman tebur kuma ya banƙare.

Mataki na 3: Kasafin kuɗi

A rubuta kowane abin da zai ci kuɗi a layinsa: hayar wuri, da rumfuna da kujerun baƙi, da janareta da mansa, da wayoyi da fitilu, da jigila zuwa da dawowa, da 'yan dako, da masu gadin dare, da talla a rediyo, da buga takardun gayyata da littattafan rasit, da ruwan sha da abincin masu aiki. A kan kowane layi a nemi farashi daga wuri uku, sannan a ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan jimillar domin abin da ba a zata ba. Alal misali, idan jimillar ta kama naira miliyan 3 kuma rumfuna 30 ne, kowace rumfa za ta tashi a kan naira 100,000 idan ba a samu tallafi ba. Tallafin da ya fi sauƙin samu yana wajen waɗanda kasuwarsu ta dogara da ta kafinta, wato dilolin katako, da masu sayar da fenti da gam, da kamfanonin katifa da soso, waɗanda za su iya biyan kuɗin talla ko na janareta a madadin a ba su rumfa a rubuta sunansu. Ana iya rubuta wa hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN da ma'aikatar ciniki ta jiha, amma kada a sa alkawarin gwamnati a cikin lissafi sai kuɗin ya shigo asusu.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mantawa da kuɗin dawo da kaya. Ba duka za a sayar ba, kuma ranar tashi masu mota sun san an matsu.

Mataki na 4: Katako da busar da shi

A wannan matakin baje koli yake yin kyau ko ya lalace, tun kafin a buga ƙusa ɗaya. Yawancin katakon da ake saye a kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano daga dazukan kudu yake zuwa, inda iska take da danshi, kuma sau da yawa yana isowa da sauran ruwa a jikinsa. Idan kafinta ya yanka shi ya haɗa tun yana ɗanye, sai hunturu ya shigo ya zuƙe ruwan, falanki ya tsuke, haɗi ya buɗe, ƙofar sif ta karkace ta ƙi rufuwa. Mai saye ba zai ga wannan a wurin baje koli ba, sai kayan sun kwana biyu a ɗakin amarya.

Saboda haka kwamiti ya umurci duk mai son shiga ya sayi katakonsa tun a watan farko na shiri. A jera falankan a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa a kan bulo, a riƙa sa ƙananan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane falanki da na samansa domin iska ta ratsa, sandunan kuma su hau kan juna a layi ɗaya, sannan a danne saman da abu mai nauyi. A shafa fenti a bakin kowane falanki, domin ta nan ruwa yake saurin fita har ya tsaga shi. Kada a jingina katako da bango a rana don neman sauri, domin waje zai bushe ya bar ciki, ya kuma lanƙwashe. Katako mai kauri, irin na ƙafar gado da tebur, ya fi falanki daɗewa sosai, shi ya sa ya kamata a neme shi daga wanda ya daɗe a ajiye.

Yana da kyau ƙungiya ta sayi ƙaramar na'urar auna danshin katako guda ɗaya ta zama ta kowa. Katakon kayan ɗaki bai kamata danshinsa ya wuce kashi 12 cikin ɗari ba, kuma a garuruwan da hunturu yake da ƙarfi, abin da ya yi ƙasa da haka ya fi aminci.

A kula da irin icen. Madaci da iroko da kawo suna da ƙarfi kuma suna ɗaukar banish da kyau. Obeche yana da sauƙin aiki da rashin nauyi, amma ƙwaro yana son sa, don haka sai an shafa masa magani, kuma bai dace da ƙafar kujera ba. Duk falankin da aka ga ƙananan huji a jikinsa da gari yana zubowa, a ware shi, domin ƙwaron yana ciki. Farin gefen katako, wato ɓangaren da ke kusa da ɓawo, shi gara da ƙwaro suke fara ci, a yanke shi a yar.

Gargaɗi: madobiya tana cikin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES, mai kare namun daji da tsirrai daga ƙarewa, ta sa wa takunkumin ciniki tsakanin ƙasashe tun 2017, saboda yadda aka yi ta sare ta ana fitarwa waje. Wanda yake fatan samun mai saye daga wata ƙasa ya nisance ta, kuma a cikin gida ma a sayi katako daga dilan da aka san inda yake samowa.

Mataki na 5: Tantance kaya

A zaɓi dattawan sana'a uku waɗanda ba za su baje nasu kayan ba, a ba su ikon karɓa da ƙi, kuma hukuncinsu ya hau kan kowa har da shugaban ƙungiya. Su zaga shaguna sau biyu. Zuwan farko mako shida kafin buɗewa, lokacin da kaya suke tsirara ba a shafa komai ba, domin fenti yana ɓoye aibi. Zuwa na biyu mako biyu kafin buɗewa, bayan an gama.

Abin da za su duba ba ya buƙatar wata na'ura. A ɗora kujera a kan daɓe mai daidai a girgiza ta, a zauna a kai a jingina da ƙarfi. A ja kowace durowa har ƙarshe a mayar da hannu ɗaya. A leƙa ƙarƙashin tebur da bayan sif, inda malalacin kafinta yake barin katako ba gogewa. A duba yadda aka haɗa ƙafa da jiki: haɗin da aka fafe rami a katako ɗaya aka fiƙe bakin ɗayan ya shiga, aka sa gam, shi ne yake daɗewa, kuma kujerar da ƙusa kaɗai ta riƙe ba ta da wuri a baje kolin aikin hannu. A auna da tef: tsayin teburin cin abinci yakan kai kimanin inci 30, mazaunin kujerarsa kimanin inci 18, gado kuma ya dace da awon katifar da ake samu a kasuwa, kamar ƙafa shida da shida ko huɗu da rabi da shida, da ɗan sarari kaɗan don shimfiɗa. Sif da gado su zama masu kwancewa da noti, domin ƙofofin ɗakuna da lungunan cikin gari ba sa ɗaukar babban kaya a haɗe.

Ba laifi ba ne a yi amfani da filawud a bayan sif ko ƙasan durowa, kuma akwai masu son kayan MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, saboda sauƙin kuɗi. Laifin shi ne a lulluɓe shi a ce wa mutum madaci ne. A ware wa irin waɗannan kayan sashe daban, a rubuta abin da aka yi su da shi. Ina kuma ganin bai kamata a manta da masassaƙa ba. Kujerar tsugune da akushi da turmi da aka sassaƙa daga gungume ɗaya suna jan ido, suna da sauƙin ɗauka, kuma su ne baƙon da bai zo da kuɗin gado ba zai iya saya ya tafi da su.

Gargaɗi: a gama shafa banish da fenti aƙalla kwana goma kafin buɗewa. Kayan da bai gama bushewa ba yana wari, yana kama ƙura, kuma bargon da aka naɗe shi da shi zai bar masa tabo.

Mataki na 6: Izini da tsaro

A kai takarda ga ƙaramar hukuma da ofishin 'yan sanda na yankin, a kuma je a gaida mai unguwa ko hakimi a sanar da shi, domin shi ne zai fi saurin kashe wata matsala idan ta taso da maƙwabta. A ɗauki masu gadin dare, kuma kowane dare mambobi biyu su kwana tare da su. Katako da soso da tina, wato ruwan sirka fenti, abincin wuta ne, don haka a ajiye janareta da mansa nesa da rumfuna, a sa ma'aikacin lantarki na gaske ya ja wayoyi, a tanadi tukwanen kashe gobara da bokitan yashi, a hana shan taba da girki a cikin fili.

Mataki na 7: Yaɗa labari

A fara talla mako uku kafin buɗewa. Rediyo har yanzu shi ne yake shiga kowane gida, don haka a sayi ɗan lokaci a tashar da mutanen garin suka fi saurare, a kuma nemi a gayyaci wani dattijon kafinta mai iya magana cikin shirin sana'o'i. A ɗauki hotunan kayan da aka tantance da hasken safiya, a jikin bango marar tarkace, a watsa a Facebook da WhatsApp da TikTok tare da rana da wuri. Hoton ya zama na kayan da za a gani a fili. Ɗauko hoton kujerar Turkiyya daga intanet a liƙa sunan ƙungiya yaudara ce, kuma baƙi za su gane tun daga bakin ƙofa.

A tuna cewa mata ne suke zaɓen kayan ɗaki, uwar amarya da gwaggonninta da yayyenta, ko da uba ne zai biya. A aika gayyata ga ƙungiyoyin mata da makarantun Islamiyya na matan aure da dillalan kayan ɗaki mata, a kuma ware musu wurin zama da lokacin da babu cunkoso, kamar hantsi. Masu otal da shugabannin makarantu masu zaman kansu da 'yan kwangilar gine-gine kuwa, a kai musu takarda hannu da hannu, domin odarsu guda tana iya riƙe shaguna biyar wata guda.

Mataki na 8: Jigila da jera kaya

A kai kaya kwana ɗaya kafin buɗewa, bisa jadawalin da ya ba kowane shago sa'arsa. A kwance abin da yake kwantuwa, a zuba notinansa a leda a ɗaure a jikinsa, a naɗe kusurwoyi da kwali ko tsohon bargo, a sa tsumma a ƙarƙashin igiya duk inda ta taɓa katako. Madubi da gilashi a tsaye ake ɗaukar su, ba a kwance ba. Kowane kaya da ya shigo, sakatare ya rubuta shi a littafi ya ba shi lamba, kuma babu abin da zai fita sai da takardarsa.

A raba rumfuna da ƙuri'a a gaban kowa, domin rumfar bakin ƙofa takan jawo gaba tsakanin abokan sana'a. A jera kaya kamar yadda za su zauna a ɗaki, gado da katifarsa da zanen gado, da sif da madubi a gefe, a bar hanya mai faɗin da mutum biyu za su wuce. Rumfa mai kaya biyar masu kyau ta fi wadda aka cusa wa goma sha biyar. A tsakiyar fili a kafa benci ɗaya inda wani gwani zai riƙa yin haɗi da gogewa da samfefa a gaban jama'a, domin wanda ya ga wahalar aikin da idonsa ba ya yi wa kujera tayin wulaƙanci. Kowace rumfa ta tanadi tsumma mai laushi na goge ƙura safe da yamma, da gam da noti da ɗan banish na gyaran ƙuje.

Mataki na 9: Farashi, ciniki da rasit

A liƙa wa kowane kaya kati mai ɗauke da lambarsa, da irin katakon, da awonsa, da farashi, da sunan shagon da lambar waya. Kafinta ya lissafa katako da gam da fenti da ƙarafa, da ladan yaransa, da kwanakin da shi kansa ya yi a kai, da kason ƙungiya, sannan ya ɗora riba. Kafintoci da yawa suna mantawa da ladan kansu, sai su ga kuɗi a hannu su zaci riba ce. Tayi al'adar kasuwarmu ce, don haka a bar ɗan sarari na ragi, amma ƙungiya ta tsayar da iyakarsa, ta kuma hana mamba ya bi baƙon da yake ciniki a rumfar wani yana raɗa masa cewa zai yi masa a ƙasa da haka.

Duk biya ya bi ta tebur ɗaya na ma'aji, inda akwai POS da lambar asusun ƙungiya, a rubuta rasit mai kwafi uku, na mai saye da na kafinta da na ƙungiya. Idan oda ce, rasit ɗin ya faɗi irin katako, da awo, da launi, da ranar kai kaya, da wanda zai biya kuɗin mota. Kafin alƙalami kada ya wuce rabin kuɗin.

Gargaɗi: kada a saki kaya saboda an nuna saƙon tura kuɗi a waya. Sai ma'aji ya ga kuɗin a asusu da idonsa.

Mataki na 10: Bayan an tashi

Cikin mako guda kwamiti ya kira taro ya karanta lissafi layi-layi, abin da ya shigo da abin da ya fita, ya biya kowa haƙƙinsa ta banki. Sannan a buɗe littafin oda. Kowa ya san abin da ake faɗa a kan kafinta da tela game da alkawari, kuma yawanci abin da yake jawo shi shi ne karɓar aikin da ya fi ƙarfin shago, ko cinye kafin alƙalamin wani a sayi katakon wani. Maganin wannan shi ne ƙungiya ta riƙe kuɗin oda ta riƙa sakinsa kashi-kashi, wani lokacin sayen katako, wani bayan masu tantancewa sun ga an haɗa, ragowar kuma bayan an kai kaya. Mamban da ya tara odar da ba zai iya gamawa a kan lokaci ba, a raba wa wasu da yardar mai saye.

Sakatare ya kira kowane mai saye bayan an kai masa kaya, ya sake kiransa bayan hunturu ya wuce, ya tambayi ko akwai durowar da ta ƙi shiga ko haɗin da ya buɗe. Idan akwai, kafintan da ya yi aikin ya je ya gyara kyauta cikin wa'adin da aka rubuta a rasit, wata shida ko shekara guda, kuma idan ya ƙi, ƙungiya ta tura wani ta cire kuɗin daga ajiyarsa, ta hana shi rumfa a karo na gaba. Sunayen masu saye da lambobinsu a adana su a littafi ɗaya a hannun sakatare, domin su za a fara aika wa gayyata idan za a sake shiri, tare da bayanin kayan da suka fi fita da waɗanda aka dawo da su shago.